Talo-talon Takarda da Barewa Biyar

A gida kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, 'yan dambe sun fara ɗaure hannu. Mu kuwa yau za mu leƙa Amurka, inda suke da nasu bikin na bayan girbi, wanda suke kira Thanksgiving, wato Ranar Godiya. Ana yin sa ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Abin da za mu duba shi ne yadda ake koya wa yara labarin wannan rana, da abin da aka daɗe ana tsallakewa a cikin labarin.

Mu fara shiga ajin 'yan firamare. Malama ta raba takarda da fensira masu kala, ta ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a kai ya baza yatsu. Yaro ya bi gefen hannun da fensir, ya ɗaga. Babban yatsa ya zama kai, a saka masa ido da baki da jan leɓe, sauran yatsu huɗun su zama gashin wutsiya. Shi ke nan, talo-talo ya fito. A kan kowane yatsa sai yaron ya rubuta abu ɗaya da yake godiya a kansa: mama, ƙanena, abinci, kyanwarmu. 'Yan'uwanmu mazauna unguwar Bronx a birnin New York sun san wannan takarda, don kusan duk gidan da ke da ɗan makaranta sai an ganta manne a ƙofar firji.

Wannan ɓangare ba shi da aibu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tarihi. Shekara da shekaru ana yi wa yara wasan kwaikwayo, wasu su sa baƙar hular kwali a matsayin Turawa, wasu su ɗaura gashin tsuntsu a matsayin 'yan asalin ƙasa, a zauna a ci abinci, a tafa, a tashi. Kamar dai baƙi sun zo, masu gida sun yi musu maraba, aka zauna lafiya har abada.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya iso gaɓar da yanzu take cikin jihar Massachusetts, ɗauke da fasinjoji 102 daga Ingila. Wasunsu sun baro gida ne saboda saɓanin addini da cocin ƙasarsu. Sun sauka a farkon hunturu, ba gida ba gona. Kafin sanyin ya wuce, kusan rabinsu sun mutu.

Wurin da suka yada zango suka kira shi Plymouth ba daji ba ne. Garin mutane ne, sunansa Patuxet, na al'ummar Wampanoag. Sun tarar da shi kufai ne saboda wata annoba da ta ratsa yankin tsakanin 1616 da 1619, wadda ake danganta ta da jiragen Turawan da suka riga su zuwa. Gonakin da suka samu a share, gonakin mamata ne.

A nan ne wani mutum ya shigo labarin, wanda yaran Amurka suka sani da Squanto, sunansa na ainihi Tisquantum. A littattafan yara sai ka ga ya ɓullo daga daji yana jin Turanci, babu mai tambayar inda ya koya. To, a 1614 wani kyaftin na jirgin ruwa, Thomas Hunt, ya sace shi tare da wasu mutanen, ya kai su Malaga a ƙasar Sifen don ya sayar da su bayi. Tisquantum ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya samu hanyar komawa gida a 1619. Da ya iso, garin nasu, wato Patuxet, babu kowa. Wannan mutumin ne ya nuna wa baƙin yadda ake tara ƙasa a yi ɗan tudu, a binne ƙananan kifaye su zama taki, sannan a shuka masara. Mutanen yankin kan haɗa masara da wake da kabewa a wuri guda: waken ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe danshi. Manomin da ke surka gero da wake a Katsina ko Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Af, kuma masarar da muke gasawa da damina, asalinta daga nahiyar Amurka ta zo mana.

Da kaka ta 1621 amfani ya yi kyau. Turawan da suka rage, mutum hamsin da 'yan kai, suka shirya biki. Sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mazaje kimanin 90. Aka kwana uku ana ci ana sha. Wampanoag ɗin suka shiga daji suka harbo barewa biyar suka kawo. Wato masu gida sun fi baƙin yawa nesa ba kusa ba, kuma da abincinsu suka zo. Wani da ke wurin, Edward Winslow, shi ya rubuta wannan a wata wasiƙa, kuma bayanin nasa bai wuce 'yan layuka ba. Matan aure huɗu kacal suka rage a raye cikin Turawan a lokacin. Ku ƙiyasta aikin girkin.

Zumuncin ma akwai lissafi a cikinsa. Annoba ta karya Wampanoag, ga maƙwabtansu Narragansett da ba su jin daɗin juna, don haka Massasoit ya ƙulla yarjejeniya da masu bindiga tun a watan Maris na shekarar. Mu muna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A can abin ya juye. Jirage suka yi ta zuwa, filaye suka yi ta tafiya. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa da ɗan Massasoit, Metacom. Aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a kan sanda a garin Plymouth, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi.

Shi kansa hutun na ƙasa baki ɗaya, daga baya ya zo. Wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ta shafe shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙu, har Abraham Lincoln ya amsa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Majalisar dokoki ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941.

Sai abinci, wanda ta nan aka fi kama hankalin yara. Yau a teburin akwai gasasshen talo-talo da aka cusa wa burodi da kayan ƙamshi a ciki, da dankalin Turawa da aka murje, da miyar wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami kamar zoɓo, sai kek ɗin kabewa mai kirfa. Wasu malamai kan ba yara takarda su raba gida biyu: me aka ci a 1621, me ake ci yanzu? Nan yaro zai gano babu dankali a wancan biki, babu kek don ba alkama ba tanda, akwai dai naman barewa da tsuntsaye da masara. A ganina wannan darasi ya fi hular kwali amfani sau goma, don yana koya wa yaro ya tambayi labari daga ina ya fito.

Kuma Wampanoag ba su ƙare ba. Suna nan a Mashpee da Aquinnah, suna ma farfaɗo da harshensu suna koya wa 'ya'yansu. A 1970 aka gayyaci ɗaya daga cikinsu, Wamsutta Frank James, ya yi jawabi a bikin cika shekara 350 da zuwan Mayflower. Da masu shirya taron suka karanta abin da ya rubuta, suka ce ba za a faɗi wannan ba. Sai ya je tudun Cole's Hill, kusa da gunkin Massasoit, ya yi magana a can. Tun daga lokacin, duk Ranar Godiya ana taruwa a wurin, suna kiranta Ranar Makoki.

Ba wanda ya ce a zaunar da ɗan shekara biyar a ba shi labarin kai a kan sanda. Amma zai iya riƙe sunan Wampanoag, zai iya sanin cewa ƙasar tana da masu ita. Ɗan shekara goma kuwa ya isa a gaya masa yadda Tisquantum ya koyi Turanci.

Iyaye da ke can, idan yaronku ya dawo bana da talo-talonsa na takarda, ku yaba masa, ku manna a firji. Sannan ku tambaye shi: su wa suka kawo barewa biyar ɗin, kuma ina jikokinsu suke yau? Idan bai sani ba, ku gaya masa.