Injin Iska da Maƙeransa: Labarin Kamfanin Vestas na Ƙasar Danmak

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, gama maganar samun wutar lantarki daga iska ta daina zama labarin ƙasashen nesa. A Lambar Rimi ta ƙasar Katsina an kafa injuna 37 waɗanda wani kamfanin Faransa mai suna Vergnet ya ƙera, a Sanagal da Kenya kuma akwai waɗanda suka fi su girma nesa ba kusa ba. Duk inda za a kafa irin waɗannan injuna, fili a ke fara nema, maganar fili kuwa a ƙofar hakimi ta kan fara sauka. Saboda haka ya kamata a san ko su wane ne masu ƙera injunan, a san abin da ke hannunsu, a kuma san abin da ba ya hannunsu. Kamfanin da ya fi dacewa a buga misali da shi shi ne Vestas na ƙasar Danmak, domin yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a sana'ar, kuma injunansa suna aiki a ƙasashe fiye da 80.

Dalilin da ya sa ƙasashe suka tasam ma wannan aiki a bayyane ya ke. Mafi yawan wutar lantarkin duniya daga ƙona kwal da gas da mai a ke samunta. Hayaƙin da ke fita yana taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi, har damina da rani suna sauka daga kan ƙa'idar da manoma suka sani. A shekarar 2015 kusan dukan ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris a kan za su rage wannan hayaƙi. Iska da rana ba a sayensu, ba su kuma ƙarewa, amma injin da zai kama su sai an saya, kuma da tsada.

Yadda injin ke aiki

Injin iska hasumiya ce ta ƙarfe, a kanta akwai wani ɗaki, a gaban ɗakin kuma fikafikai uku kamar na fanka. Bambancinsa da fanka shi ne, fanka wuta ta ke ci ta ba da iska, shi kuwa iska ya ke ci ya ba da wuta. Iska tana juya fikafikan a hankali, akwatin giya irin na mota yana ninka saurin juyin, sa'an nan janareta ya mai da shi lantarki. Injin ya kan fara aiki in iska ta kai gudun mita 3 ko 4 a daƙiƙa, in kuwa ta kai wajen mita 25 sai ya karkata fikafikansa ya tsaya da kansa, don kada guguwa ta karya shi.

Akwai lissafi biyu da ya kamata malamai su riƙe, domin dukan sana'ar a kansu ta ke tsaye. Na farko, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ya kan ninka takwas. Watau tudun da ya ɗan fi maƙwabcinsa iska ya fi shi daraja ƙwarai, shi ya sa ba a kafa inji sai an yi shekara guda ko fiye ana awon iskar wurin. Na biyu, in tsawon fiffike ya ninka biyu, iskar da ya ke tarewa ta kan ninka huɗu. Wannan ne ya sa maƙera suke ta ƙara wa injuna tsawo shekara da shekaru.

Daga maƙera zuwa kamfani

Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta wajen miliyan 6, shimfiɗaɗɗiya, teku ya kusa kewaye ta, iska ba ta rabuwa da ita. Tun a 1891 wani malamin makaranta mai suna Poul la Cour ya fara gwada samun lantarki daga iska a garin Askov. A 1957 wani ɗalibinsa, Johannes Juul, ya kafa inji mai fikafikai uku a Gedser, ya yi shekara 10 yana aiki. Amma a lokacin mai yana da araha, sai aka bar maganar.

Asalin Vestas maƙera ce. A 1898 wani maƙeri, H.S. Hansen, ya zauna a ƙauyen Lem a yammacin ƙasar. Ɗansa Peder Hansen ne ya kafa kamfanin a 1945. Shekara talatin da wani abu ba ruwansu da iska. Sun yi kayan girki, sun yi tirelar gona, sun yi na'urorin sanyaya madara da na injin jirgin ruwa, sun yi ƙugiyar ɗaga kaya ta kan mota. Abin da suka mallaka shi ne sanin ƙarfe da sanin halin manomi, wanda ba ya son kayan da za su lalace masa a tsakiyar aiki.

A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. Danmak kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na makamashinta man da a ke sayowa daga waje ne, har Gwamnati ta hana tuƙa mota ran Lahadi a damunar sanyin shekarar. Nan fa maƙeran ƙauye da malaman makaranta suka koma kan injin Juul suna kwaikwayo. Wani maƙeri, Karl Erik Jørgensen, da wani saurayi mai suna Henrik Stiesdal suka haɗa inji mai kyau, a 1979 Vestas ya sayi izinin ƙera shi. Injin farko da ya sayar faɗin da'irar fikafikansa mita 10 ne, ƙarfinsa kilowat 30, watau abin da zai kunna ƙwan lantarki 300 masu wat 100.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin ba gwanintar maƙeri kaɗai ta ɗaga sana'ar ba. A 1979 Gwamnatin Danmak ta ɗauki nauyin biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗin kowane inji, amma da sharaɗi: sai irin injin da tashar gwaji ta Risø ta jarraba ta amince da shi. Ta haka aka tankaɗe masu aikin ha'inci tun da wuri. An kuma wajabta wa kamfanonin lantarki su karɓi wutar injunan su biya. Masu sayen injunan kuwa yawancinsu manoma ne da ƙungiyoyin gama kai na ƙauye, iyalai su haɗa kuɗi su sayi inji guda su raba abin da ya samo, kuma doka ta ce mai hannun jari ya zama mazaunin kusa da injin ne. Mutumin da injin ke kawo wa kuɗi ba ya kai ƙarar ƙugin da ya ke yi da dare.

Akwai kuma wani abu da malaman hakimai za su fi kowa gane amfaninsa. A 1978 masu injuna suka kafa ƙungiya, kowane wata kowa ya rubuta adadin wutar da injinsa ya bayar da irin lalacewar da ya yi, a buga a mujalla kowa ya gani. Kamfanin da injinsa ke yawan karyewa ba shi da wurin ɓuya. Wannan rajista ta yi wa sana'ar aikin da sufeto ɗari ba za su yi ba.

Ribar Kalifoniya da faɗuwarta

A farkon shekarun 1980 Amurka da jiharta ta Kalifoniya suka ba da babban rangwamen haraji ga duk wanda ya sa kuɗi a injin iska. Masu kuɗi suka yi ca, injunan Danmak kuwa suka fi na Amurka ƙarko, gama masu nauyi ne, irin aikin maƙeran kayan gona. Vestas ya yi ta loda injuna a jiragen ruwa, ma'aikatansa suka kai wajen 800. Kusan dukan cinikinsa ya koma kasuwa guda, kasuwar kuma a kan doka guda ta ke tsaye. Da rangwamen Gwamnatin Tarayya ya ƙare a ƙarshen 1985, sai ciniki ya tsaya cik. A watan Oktoba na 1986 kamfanin ya kasa biyan bashi. Aka sayar da sauran sassansa, a 1987 aka sāke kafa shi da ma'aikata wajen 60, ba ya yin komai sai injin iska.

Daga nan ya bazu a ƙasashe da yawa, Jamus da Indiya da Sifen da sauransu. A 1998 ya shiga kasuwar hannun jari ta Kwapanhagan, a 2004 ya haɗe da abokin gasarsa NEG Micon. Tuntuɓe bai ƙare ba. A 2002 ya kafa injuna 80 a cikin teku a Horns Rev, amma gishiri da danshi suka ɓata kayan cikinsu, har a 2004 sai da aka sauko da kawunan injunan duka aka kai tudu aka gyara. A 2012 ya yi hasara mai yawa ya sallami dubban ma'aikata. A 2022 kuma, da tsadar ƙarfe da ta sufuri suka tarar da shi ya riga ya yanke farashi da masu saye, ya yi hasarar fiye da Yuro biliyan ɗaya da rabi. Wanda ya ga ana ta kafa injuna a duniya zai zaci maƙeransu a cikin daula su ke, alhali ribar sayar da inji ƙanƙanuwa ce. Abin da ya fi riƙe kamfanin shi ne kwangilar kula da injunan da gyaransu, wadda ta kan ɗauki shekaru da yawa.

Babban abin da kamfanin da takwarorinsa suka yi wa duniya shi ne karya farashin wutar iska, ta hanyar girman inji da yawan ƙira. A Disamba 2022 Vestas ya kafa injin gwaji a Østerild mai ƙarfin megawat 15, watau ninki 500 na injin 1979. Kowane fiffike nasa mita 115 da rabi ne, ya fi filin ƙwallo tsawo, da'irar da ya ke sharewa kuma ta kai faɗin gona mai eka kusan 11. A Danmak kanta, a 2019 iska ta ba da kashi 47 cikin 100 na wutar da aka yi amfani da ita. Amma fa Danmak tana da wayoyi da suka haɗa ta da Norwe da Suwidin da Jamus. Ran da iska ta kwanta sai ta sayo wutar madatsun ruwan Norwe, ran da ta yi yawa ta sayar. Ƙasar da ba ta da irin wannan madogara lissafinta dabam ne. Kasuwar ma ta sauya hannu: a 2024 kamfanoni huɗu da suka fi kafa injuna a duniya duk na ƙasar Sin ne, Vestas ya zo na biyar, ko da ya ke a wajen Sin shi ne kan gaba.

Abin da ya faru a Turkana

A Afirka, injunan Vestas 46 suna aiki a Taiba Ndiaye ta Sanagal, inda aka yi bikin buɗewa a 2020. Amma aikin da ya fi cancanta hakimai su san labarinsa shi ne na gabashin Tafkin Turkana a arewacin Kenya, ƙasar makiyaya mai ƙarancin ruwa, inda iska ke ratsowa tsakanin duwatsu biyu tana kaɗawa kusan kullum. An kafa injuna 365 a wurin, kowanne kilowat 850, jimla megawat 310. Da gangan aka zaɓi ƙananan injuna, domin daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa zuwa wurin wajen kilomita 1,200 ne, sai da ma aka gyara hanya mai fiye da kilomita 200 kafin manyan motoci su iya wucewa. Vestas bai tsaya ga sayar da injuna ba, har hannun jari ya saya a aikin.

Nasa aikin ya gama shi a kan lokaci, a 2017 injuna duka suna tsaye. Sai dai layin waya mai fiye da kilomita 400 wanda zai kai wutar Suswa, kusa da Nairobi, aikin Gwamnati ne, ɗan kwangilar da aka ba, wani kamfanin Sifen, ya karye, ga kuma jayayyar diyya da masu filayen da turaku za su bi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Injunan suka yi fiye da shekara ba su aika wa kowa wuta ba, kuma bisa ga yarjejeniya sai da Kenya ta biya kuɗin wutar da ba ta sha ba. A Satumba 2018 aka haɗa layin, a Yuli 2019 Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe aikin. Tun daga nan yana ba ƙasar fiye da kashi 10 cikin 100 na wutarta.

Maganar fili ce ta fi daɗewa. An ba masu aikin hayar eka 150,000, ko da ya ke injunan ba su ci ko sulusinta ba, kuma an ta da ƙauyen Sarima daga mazauninsa. Filin kuwa na amana ne, watau ƙasar jama'a wadda majalisar yankin ke riƙe wa makiyaya, a ciki akwai wuraren kiwo da hanyoyin dabbobi na Rendille da Samburu da Turkana da El Molo. A 2014 waɗansu daga cikinsu suka kai ƙara, suka ce ba a tara su an ji ta bakinsu ba kamar yadda dokar ƙasar amana ta tanada. Shari'ar ta ɗauki shekara 7. A watan Oktoba na 2021 kotun ƙasa da muhalli da ke zama a Meru ta yanke hukunci cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da takardun filin, ta ba hukuma wata 12 ta gyara, in ba haka ba takardun su faɗi. Kotun ba ta ce a tsai da injunan ba, suka ci gaba da juyawa a kan filin da a ke jayayya a kansa.