Daga Tetris Zuwa Wayar Hannu: Ina Makomar Dara a Gabashin Sakkwato?

A 1984, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo, wani masanin kwamfuta a birnin Mosko, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro wasan Tetris. Tubala ne iri bakwai ke faɗowa daga sama, mai wasa ya juya su ya jera, layin da ya cika ya ɓace. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya saka shi a NES, na'urar da ake jonawa da talabijin, da kuma Game Boy ta riƙewa a hannu. Nan da nan ya gama duniya.

Sai dai a wancan lokacin, a garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, na'urar da ke jiran wutar NEPA da talabijin ba ta kowa ba ce. Abin da ya kai wasan hannun talaka shi ne Brick Game, kwaikwayon da aka riƙa shigowa da shi daga Sin a shekarun 1990. Abu uku suka taimake shi: araha, aiki da batir, da rashin buƙatar Turanci. Ɗan boko da almajiri duk ɗaya suke a gabansa. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai wasan maciji na Nokia ya gaje shi.

Amfanin a bayyane yake. Wasan Tetris na koyar da saurin yanke shawara da hangen gurbi kafin tubali ya sauka, ya kuma sabar wa yara da latsa na'ura tun kafin su ga kwamfuta.

Illar ita ce kaɗaici. Tun da can muna da dara, mai gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku. Ita a dandali ake yin ta: ga abokin karawa, ga 'yan kallo, ga manya na gyara wa yara. Yaron da ya duƙufa kan waya kuwa ba ya koyon jure kaye a bainar jama'a, balle girmama wanda ya fi shi.

Hana yara wasan waya ba zai yiwu ba. Abin da ya kamata shi ne makarantun yankin su shirya gasar dara, matasanmu masu ilimin manhaja kuma su saka ta a waya da Hausa. Iyaye da malamai, ku koya wa yara dara tun masu gwanintarta na raye.