Ɗaga Gaban Mota da Noti: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Zuru, maganar ɗaga mota takan dawo bakin direbobi. Duk mai shiga ƙauyukan Danko/Wasagu, ko lungunan Fakai da Sakaba, ya san yadda ruwa ke cinye hanya: sawun taya ya zama rami, tsakiya ta yi tudu, cikin mota yana gugar ƙasa. Sai a ce wa mai mota ai abin ba wuya, akwai wani noti a ƙarƙashi, a ɗaure shi gaba ya tashi, shi ke nan. Notin yana nan, gaban kuma yana tashi. Sauran abubuwan da ake jingina wa aikin su ne ke buƙatar tankaɗe da rairaya.

Da farko, ba kowace mota mai jan ƙafa huɗu ke da wannan noti ba. Yana tare ne da motocin da nauyin gabansu ke kan wata doguwar sandar ƙarfe, wadda makanikai ke kira toshin ba. Kanta ɗaya yana maƙale da hannun da ke riƙe da taya, ɗayan kuma an kafe shi a jikin shasi, can wajen tsakiyar mota. In taya ta hau dutse sandar ta murɗe, in ta sauka ta warware. Ita ce sifirin ɗin motar. Irin wannan ƙira ce a Hilux mai jan ƙafa huɗu ta 1997 zuwa wajen 2004, da Pajero na kafin 1999, da tsofaffin L200 da Nissan Hardbody, da Land Cruiser 100 da ta fito a 1998. Hilux da ta biyo baya, wadda ake kira Vigo, da Prado tun daga ta 1996, naɗaɗɗen sifirin gare su a gaba. Babu notin da za a juya. Sai dai a sa musu ƙari a saman sifirin ko a canza shi ɗungurum. Land Cruiser 70 kuwa gabanta ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, lissafinta daban. Saboda haka a leƙa ƙarƙashin mota tukuna kafin a yi ciniki.

Babbar jita-jitar ita ce ɗaure notin yana ƙara wa mota ƙarfi, har ta iya ɗaukar buhunan da da ba ta iya ɗauka. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ita ce ta fi cutarwa. Taurin sandar yana cikin kaurinta da tsawonta da irin ƙarfenta, noti bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya juya mazaunin sandar, hannun taya ya sunkuya ƙasa, jikin mota ya yi sama. Kamar mutum ne da ya yi ɗage: tsawonsa ya ƙaru, ƙarfinsa yana nan yadda yake, kuma ba shi da sauran miƙewa. Nauyin da mota za ta iya ɗauka kamfani ya riga ya ƙayyade shi bisa shasi da birki da tayoyi. A motar a-kori-kura ma, yawancin lodi a kan sifirin na baya yake zama, inda notin gaba ba shi da ta cewa.

To me ya sa direbobi ke rantsuwa cewa motar ta yi tauri bayan an ɗaga ta? Ba ƙarya suke yi ba, sun ji a jikinsu. Amma dalilin ba ƙarfi ba ne. Kowace taya ta gaba tana da iyakar da za ta iya hawa da iyakar da za ta iya sauka, kuma kamfani ya ajiye motar a tsakanin iyakokin biyu. Duk abin da ka ƙara a sama, daga rabon sauka ka ɗebo shi. In an matsa da yawa, hannun taya na sama yakan kusa zama a kan robar da ke tare shi. Sai taya ta zo rami, maimakon ta bi ramin ta sauka, ta tsaya a sama, motar gaba ɗaya ta faɗa. Bugun da ake ji ke nan a sitiyari da ƙugu. A hanya mai duwatsu irin ta ƙasarmu wannan babbar asara ce, domin tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta ja, ba ta kuma kama birki.

Ana kuma cewa in an ɗaga gaba, cikin mota ya daina taɓa ƙasa. Nan rabi da rabi ne. A motocin toshin ba, tukunyar da ke raba wa tayoyin gaba ƙarfi, wato dif, a jikin shasi take, don haka tana tashi tare da shi. An samu riba a nan. Amma dif na baya yana kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kuma sau da yawa shi ne mafi kusa da ƙasa. Ba noti ko sifirin da zai ɗaga shi, sai taya mai tsawo. Ita ma tayar ribarta ba ta kai yadda ake zato ba. Wanda ya bar 265/65 R17 ya koma 265/70 R17 ya ƙara kimanin milimita 13 ne a ƙarƙashi, maleji kuma zai riƙa nuna ƙasa da gudun gaske da kusan kashi 3 cikin 100. Masu sa manyan tayoyi a gaba kaɗai su bar ƙanana a baya, da sun sa giyar ƙafa huɗu gaba da baya za su shiga jayayya, giyar da ke haɗa su ce za ta sha wuya.

Maganar ƙetare rafi ma haka take. Abin da ke kashe inji a ruwa shi ne ruwan ya shiga ta inda yake shaƙar iska, kuma ƙarin inci ɗaya bai sauya wannan ba. Ruwa mai gudu kuwa ba ya duba tsawon mota.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa taɓa notin kwata-kwata ɓarna ne. Su ma sun wuce gona da iri. Kamfani ya sa shi ne don a yi saiti da shi. Sandar da ta shekara ashirin tana aiki takan saki, gaba ya zauna, wani lokaci gefe ɗaya ya fi ɗaya, musamman in an ɗora wa motar ƙaton ƙarfen kariya a goshi. Mayar da irin wannan mota tsawonta na asali gyara ne mai kyau, a ganina ma shi ne ainihin amfanin notin. Sai dai a sani cewa gaban a-kori-kura ya ɗan fi baya ƙasa in babu kaya, da gangan aka yi shi, don ta daidaita in an yi lodi. Wanda ya daidaita ta tana wofi, in ya loda sai hanci ya kalli sama, fitila ta riƙa kashe wa masu tahowa ido a hanyar Kontagora ko ta Koko. Sabon shok kuma ba ya ta da motar da ta zauna, domin aikinsa kwantar da rawa ne, ba ɗaukar nauyi ba.

Inda kuɗi ke tsiyaya shi ne wuce tsawon kamfani da yawa. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin gaba yakan karkace fiye da kima, robar da ke rufe gaɓarsa ta yage, giris ya fita, yashi da laka su shiga, sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin da tayirod su ma suna saurin ci. Shi ya sa makanikai masu lura ba sa son wuce inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Motar da ta yi sama kuma ta fi saurin kifewa a kwana, balle da kaya a kanta.

In za a yi aikin, a tsayar da mota a wuri mai daidai, iskar tayoyi ɗaya. A auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi, hagu da dama, a rubuta. A ɗaga gaba da jak, a tokare da abin da ba zai goce ba, sannan a juya noti, ana ƙirga zagaye. Kada a kwance shi gaba ɗaya da nauyi a kansa, sandar tana riƙe da ƙarfin da zai iya karya hannu. Kada a gasa ta da wuta, kada a musanya ta hagu da ta dama, kowacce da alamarta. A sauke, a ɗan zaga da motar ta zauna, a sake aunawa, a duba cewa akwai sarari tsakanin hannun sama da robarsa. Daga nan sai wajen saitin ƙafa, wato alaimen, ko da motar tana tafiya sak, domin tsayuwar taya ta riga ta canza kuma gefenta zai fara cinyewa. Bayan haka a sauke fitila.