Adua, Sunan Tsofaffin Matan Italiya da Aka Ɗauko Daga Habasha

A Italiya akwai sunayen da in ka ji su ba sai ka tambayi shekarun mai su ba. Adua na cikinsu. Sunan mata ne, kuma idan ma'aikaciyar jinya ta leƙo ɗakin jiran likita ta kira shi, wadda za ta yunƙura ta miƙe da sanda a hannu galibi haihuwar ƙarshen 1935 ce ko 1936. Da wuya ka ji shi a makarantar firamare. Kunnen Bahaushe zai ɗauka addu'a ake nufi, amma ko kusa. Sunan wani gari ne a yankin Tigrai na arewacin Habasha, wanda mutanensa ke kira Adwa, Italiyawa kuma suke rubutawa Adua. A wannan gari ne Italiya ta sha kaye mafi muni da wata ƙasar Turai ta sha a Afirka a ƙarni na 19, kuma mutum ba ya raɗa wa 'yarsa sunan inda aka kunyata shi haka siddan.

A 1889 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Sarki Menelik na Biyu a wani wuri da ake kira Wucale. An rubuta takardar da harsuna biyu. Sashe na 17 a harshen Amharik ya ce sarkin Habasha yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe in ya ga dama, a Italiyanci kuwa aka rubuta cewa dole ne ya bi. Da wannan rubutu Italiya ta zaga Turai tana shelar cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta. Menelik ya gano, ya yi fatali da yarjejeniyar a 1893, ya ci gaba da tara bindigogi. Ran 1 ga Maris 1896 Janar Oreste Baratieri ya taso da mayaƙa wajen 17,000, har da askarawan Iritiriya, suka yi tafiyar dare cikin duwatsu da taswira marar inganci, rundunoninsa suka rarrabu kowa ya kama gabansa. Gari na wayewa suka yi kiciɓis da Menelik da matarsa Taitu da rundunar da ake ƙiyasta ta kusan mutum 100,000. Kafin rana ta faɗi an gama. Wajen mutum 6,000 suka mutu a ɓangaren Italiya, aka kama wasu da yawa da rai. Gwamnatin Francesco Crispi ta faɗi cikin 'yan kwanaki, a garin Pavia talakawa suka tumɓuke dogon jirgin ƙasa don kada a ƙara kwasar 'ya'yansu, a watan Oktoba kuma Italiya ta sa hannu ta yarda cewa Habasha ƙasa ce mai cin gashin kanta.

To ta yaya sunan wannan wuri ya shiga ɗakin mai jego? Sai an fara duba yadda Italiyawa ke raɗa suna. Al'adar gargajiya ba ta ba uba zaɓi mai yawa ba. Ɗan fari yana cin sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari sunan kakarta, sai a juya wajen dangin uwa. Sunayen kuwa na waliyyan coci ne: Giuseppe, Giovanni, Antonio, Maria, Anna. Kowane gari yana da waliyyinsa, shi ya sa in ka ji Gennaro ka san Napoli ce, Rosalia kuwa Palermo, Gavino tsibirin Sardiniya. A kudancin ƙasar har yau tsoho na iya yin fushi na shekaru in ba a yi masa takwara ba.

Amma akwai lardi biyu a tsakiya da arewa da suka daɗe da taurin kai, Toskana da Emiliya-Romanya. Romanya ta kasance ƙarƙashin mulkin Paparoma har 1859, kuma manoman da ke noman raba-daidai da masu gona sun tashi da haushin limaman coci da na masu ƙasa a lokaci guda. Hanya mafi arha ta nuna wannan haushi ita ce sunan ɗa. Sai ka ji Libero, ko Spartaco, ko Comunardo, wanda aka ɗauko daga boren Paris na 1871. Masu son wasan waƙa suka ɗauki Aida da Radames daga aikin Verdi. Shi kansa Musolini, da aka haifa a Predappio ta Romanya a 1883, mahaifinsa maƙeri ne ɗan gurguzu, ya sa masa Benito don girmama Benito Juárez na Meziko. Mutanen da suka saba mai da ɗansu allon sanarwa, in yaƙi ya zo ba za su tsaya ba. Bayan kisan sojojin Italiya wajen 500 a Dogali a 1887 an sami yara masu suna Dogali. Giuseppe Galliano, hafsan da ya tsare ganuwar Makale a farkon 1896, sunan gidansu ya koma sunan yanka. Da aka mamaye Libiya a 1911 sai ga Tripoli, ga Derna, ga Libia ita kanta. Ana ma ba da labarin iyayen da suka ga an rufe sanarwar nasarar 1918 da "Firmato Diaz", wato Diaz ne ya sa hannu, suka ɗauka Firmato ne sunan janar ɗin, suka raɗa wa 'ya'yansu.

Adua ya jira shekara kusan 40 kafin kasuwarsa ta buɗe. Musolini ya karɓi mulki a 1922 da alkawarin wanke ƙasa daga kunya, kuma kowane ɗan makaranta ya san wace kunya ake nufi. Ran 3 ga Oktoba 1935 sojojin Janar Emilio De Bono suka ƙetara daga Iritiriya ba tare da shelar yaƙi ba. Jiragen sama suka yi wa Adwa ruwan bama-bamai, ran 6 ga wata aka shiga garin ba tare da wani gumurzu mai yawa ba. A lissafin yaƙi ƙaramin gari ne, ba tashar ruwa ba, ba fadar sarki ba. A gida kuwa aka yi kamar an ci duniya: rediyo, jaridu, waƙoƙi, gangami a dandali, malamai na gaya wa yara an rama jinin kakanninsu. Ran 18 ga Disamba mata suka yi layi suna miƙa zoben aurensu na zinariya a musanya musu da na ƙarfe. Ran 9 ga Mayu 1936 Musolini ya fito baranda a Rum ya yi shelar daula.

A cikin waɗannan watanni bakwai da abin da ya biyo bayansu aka haifi yawancin masu sunan. Gwamnati na ingiza mutane su haihu, ta ɗora wa gwauraye haraji tun 1927, tana ba masu 'ya'ya da yawa kyauta. Uba ne yake zuwa ofishin ƙaramar hukuma ya rubuta jariri, mai jego na kwance a gida, shi kuwa ya taho kunnensa cike da abin da ya ji a dandali. Namiji ya sami Benito ko Romano ko Vittorio. Mace ta sami Adua, wasu kuma Asmara. Wanda ya ga yadda aka riƙa sa wa yara Saddam a Kano da Kaduna a 1991 ba zai sha mamaki ba.

Limamin coci ba ya son wannan. Dokar coci ta lokacin ta ce in iyaye sun nace da sunan da ba na Kirista ba, a haɗa masa da na waliyyi wajen baftisma, shi ya sa ake samun Maria Adua a littafin coci alhali a gida Adua kawai ake kira. Akwai kuma wata ƙaramar asara da ta bi su har tsufa. Italiyawa suna bikin ranar suna, wato ranar waliyyin da mutum ya ci sunansa, a kudu ma wani lokaci ta fi ranar haihuwa armashi. Babu waliyyiya Adua, don haka aka tura su ran 1 ga Nuwamba, ranar dukkan waliyyai, tare da duk wanda sunansa ba shi da uban gida.

Masana sunaye sun bi sawun wannan duka. Emidio De Felice ya fitar da ƙamus na sunayen Italiyawa a 1986, ya dogara da kundin lambobin waya, wanda ke da aibi guda: yawanci da sunan maigida ake rubuta wayar gida, mata sai su ɓuya. Aikin da ya fi cika shi ne na Alda Rossebastiano da Elena Papa, mujalladi biyu a 2005, da suka yi amfani da bayanan ma'aikatar kuɗi na waɗanda aka haifa daga 1900 zuwa 1994. Irin waɗannan ayyuka ne suka tabbatar da abin da kunne ya riga ya sani, cewa sunan ya taru a tsakiya da arewa, musamman Toskana da Emiliya-Romanya, ya hau sama kwatsam da yaƙin, ya kuma gangaro nan da nan. Ni abin da ke burge ni shi ne katin haraji da kowane mazaunin Italiya ke riƙewa, mai baƙaƙe da lambobi 16. Uku na farko daga sunan gida, uku na biye daga sunan yanka, a fara da baƙaƙe sannan wasula, don haka Adua ta zama DAU. Sai shekarar haihuwa, sai harafin wata, sai rana, mace a ƙara mata 40. Wadda aka haifa ranar shelar daula katinta zai nuna DAU36E49. Mai sayar da magani yana duban wannan ya riga ya san tarihin gidan.

Daular ba ta yi ƙarko ba. A 1941 rundunonin Ingila suka afko daga Kenya da Sudan, kuma a nan labarin ya taɓa mu kai tsaye: birged ta sojojin Nijeriya, wadda da Hausa ake ba da umarni a cikinta, ita ta shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu, ta nausa arewa har Harar a watan Maris. Adis Ababa ta faɗi ran 6 ga Afrilu. Ran 5 ga Mayu Sarkin Habasha Haile Selasi ya dawo fadarsa, shekara biyar cif bayan kwamandan Italiya Badoglio ya shige ta. 'Yan matan da aka sa wa sunan nasarar ko aji ɗaya ba su shiga ba nasarar ta wargaje.

Suna kuwa ba riga ba ne. Sun girma da shi, sun yi aure da shi. Luciano Pavarotti, mawaƙin nan na Modena da aka haifa ran 12 ga Oktoba 1935, kwana shida bayan kama Adwa, matarsa ta farko da ya aura a 1961 sunanta Adua Veroni. A 1960 Antonio Pietrangeli ya yi fim mai suna Adua e le compagne, inda Simone Signoret ta fito a matsayin karuwar da ta buɗe gidan abinci da ƙawayenta bayan dokar 1958 ta rufe gidajen karuwai. Lokacin da nake zaune a wani ƙaramin gari na lardin Modena, a bango na fi ganin sunan. Al'adarsu ce in an yi rasuwa a liƙa farar takarda mai baƙin gefe a allon unguwa, kusa da coci ko bakin kasuwa, da sunan mamaci da shekarunsa da lokacin jana'iza. Tsofaffi kan tsayar da keke, su sa tabarau, su karanta ɗaya bayan ɗaya. In ka ga Adua, ka dubi shekarun da ke ƙasa ka yi ragi, ba ka cika kuskure da fiye da shekara biyu ba. Jikokinsu mata, da aka haifa a shekarun 1980 da 1990, sun zama Sara da Giulia da Martina, domin a arewa al'adar takwara ta riga ta yi sanyi, kuma ba wanda ke marmarin sunan da ke warin zamanin Musolini.

Ban ga laifin waɗannan mata ba, ba su suka zaɓa ba. Inda nake ganin laifi shi ne yadda ƙasar ta bar sunan yana yawo ba tare da labarinsa ba. A yaƙin 1935 zuwa 1936 an yi amfani da iskar guba a kan mayaƙa da ƙauyuka. A Fabrairun 1937, bayan an jefa wa gwamnan Italiya a Habasha, Rodolfo Graziani, gurneti a Adis Ababa, an kwana uku ana kashe mutanen gari, dubbai suka mutu. Ba a gurfanar da Graziani ko Badoglio kan abin da suka yi a Habasha ba. Masanin tarihi Angelo Del Boca ya shafe shekaru yana fito da takardu ana ƙaryata shi, sai a 1996 ma'aikatar tsaro ta amsa cewa an yi amfani da gubar. Dogon dutsen Aksum da aka kwashe a 1937 bai koma gida ba sai 2005. Har yau a Rum akwai unguwa guda da titunanta ke ɗauke da sunayen Libiya, Iritiriya, Somaliya da Habasha, a Firenze akwai dandalin Adua, kuma matasa da yawa da ke jiran mota a wurin ba za su iya nuna maka garin a taswira ba.

Hukumar ƙididdiga ta ISTAT tana fitar da jerin sunayen jarirai tun 1999. Francesco ya daɗe a sama kafin Leonardo ya ture shi a 2018, a mata kuma Sofia ce ta fi yawan riƙe kambu. Adua ba ya ko kusa da jerin. Jariran ma sun yi ƙaranci: a 1964 an haifi sama da miliyan ɗaya, a 2023 ba a kai 380,000 ba.

Inda sunan ya sake fitowa da ƙarfi shi ne wajen 'ya'yan waɗanda aka mulka. Igiaba Scego, marubuciyar da aka haifa a Rum a 1974, iyayenta 'yan Somaliya, ta fitar da littafin ƙagaggen labari a 2015 ta sa masa suna Adua. Tauraruwar labarin 'yar Somaliya ce da ta zo Rum da burin zama 'yar fim. Mahaifinta ya yi wa Italiyawa tafinta a shekarun shirin mamayar Habasha, kuma shi ma sunan garin nan ya raɗa wa 'yarsa, sai dai shi 1896 yake nufi, ranar da Menelik ya kori Baratieri. A Habasha ranar hutu ce ta ƙasa a farkon kowane Maris, kuma a Fabrairun 2024 an buɗe katafaren gidan tarihin nasarar a tsakiyar Adis Ababa.