Robar da Ake Yi da Masara da Rake

Leda, gorar ruwa, bokiti da igiyar nailan duk dangi ɗaya ne a wurin masana sinadarai, sunansu polima. Polima kamar carbi take: ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya, dubbai, a jere cikin zare guda. Yawancin robar da ke kasuwa daga man fetur da gas ake samo ƙwayoyinta. Amma ana samun su daga tsiro ma, shi kuwa tsiro duk damina sai a sake shuka shi.

Robar tsiro da ta fi shahara ita ce PLA. Akan jiƙa masara a niƙa, a tace sitacinta kusan yadda ake fitar da gasarar koko. Sai a mayar da sitacin sukari, a zuba masa ƙwayoyin bakteriya su tsamama shi. Abin da suke fitarwa shi ne sinadarin laktik, wanda yake sa kindirmo tsami. Daga nan a dafa shi ruwan ya fita, ƙwayoyin su haɗu bibbiyu kamar zobe, sannan a buɗe zobban da taimakon sinadarin kuza su sarƙe su zama dogon zare. Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya gwada haka tun 1932, amma sai a 2002 aka buɗe babbar masana'antarta a garin Blair na jihar Nebraska a Amurka, wadda aka gina a lokacin don fitar da tan 140,000 a shekara. Da PLA ake yin kofuna, mazubin abinci, har da zaren ɗinkin tiyata mai narkewa a jiki.

Brazil rake ta kama. Tun 2010 kamfanin Braskem yake ɗaukar etanol ɗin da aka yi da ruwan rake, ya zare masa ruwa ya zama etilin, wanda da shi ake yin leda. A Faransa kuma an fi shekara 70 ana yin wani nailan mai suna Rilsan da man zurma, ana sa shi a bututun man mota.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa, suna zaton duk robar da aka yi da tsiro ruɓewa take yi. Ledar rake ba ta da bambanci da ta fetur ko kaɗan. In ta toshe kwata, haka za ta zauna shekara da shekaru. Ribarta a wajen yi take, domin raken ya shaƙi iskar kabon tun yana gona. PLA tana ruɓewa, amma da sharaɗi: sai a wurin haɗa taki na masana'anta, inda akwai laima da zafin da ya kai wajen digiri 58. A juji ko cikin teku kusan ba ta motsi. Ga shi kuma tana laushi in zafi ya kai digiri 60, shi ya sa kofinta bai dace da shayi mai zafi ba, kuma in ta shiga cikin gorunan ruwa da aka tara don sake narkawa, takan ɓata su.