Angulu da mikiya: ƴan'uwa biyu, ƙaddara ɗaya

A kasuwannin Madawa, Buza da Keita, tsofaffin mahauta na iya tuna lokacin da angulu ke jiran su a mayanka tun da hantsi. Yau yaro kan girma a Adar bai san ta ba sai a karin magana.

Jama'a sun saba haɗa ta da mikiya, alhali tsuntsaye biyu ne dabam. Angulu ƙarama ce, nauyinta kamar kilo 2, tana sheƙa bisa itace, kuma ba ta ƙyamar mutane: juji da mayanka su ne gonarta. Mikiya kuwa takan kai kilo 7 zuwa 9, faɗin fukafukanta ya wuce mita 2. Tana ƙwai a jikin tsauni, tana bin garken dabbobi daga sama. Hangen nesanta ba kirari ba ne kawai. Ran 29 ga Nuwamba 1973, wata mikiya ta yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan, a tsawon mita 11.300.

Abin da ya haɗa su shi ne rauninsu: kowace ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka asarar uwa guda ba ta saurin mayuwa. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay, wanda ya ƙidaya tsuntsaye a hanyoyin Mali, Burkina Faso da Nijar wajen 1970, ya koma a 2003 da 2004, ya tarar manyan irin su mikiya sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. Angulu ta fi jurewa, amma ita ma a 2015 ƙungiyar UICN ta sa ta tare da mikiya cikin jerin masu gab da ɓacewa.

Mikiya guba ke ci da ita, wadda ake barbaɗa wa mushe domin dila ko kura. Mushe ɗaya kan kashe gomiya. Angulu kuwa sabonta da mutane ne ya zame mata tarko. Ana sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. A 2020, a Gine Bisau, an kashe fiye da 2.000, da yawa an sare musu kai.

A karkarar Majiya, inda kiwo ya yawaita, mushen da tsuntsayen nan ke sharewa cikin sa'o'i yanzu yakan kwana ya wuni a bakin hanya, sai karnuka da ƙudaje.