Masassarar Damina: Uwar Gida, Ki Dubi Fitsarin Majinyaci

Duk wanda ke zaune a Dar es Salam nan Yamai ya san halin unguwarmu idan damina ta kankama. Ruwa na kwanciya a lunguna da bayan rumfunan kasuwa, sauro kuma ya samu gida. Daga Agusta zuwa Oktoba da wuya a shiga gida ba a tarar da wani kwance da masassara ba.

Mun saba da ita har mun raina ta. Mai rumfa ba ta son rufe rumfa, sai ta aiki yaro wajen mai tallar ƙwayoyi, a sha, zazzaɓi ya lafa, a koma ciniki. To, masassarar cizon sauro idan ta yi tsanani tana iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, wasu su toshe ƙananan hanyoyin jinin ƙoda, wasu su farfashe dattinsu ya taru a cikinta. Ga amai, ga rashin shan ruwa. Idan aka ƙara da diclofenac ko ibuprofène, waɗanda ke cike a tiren masu talla, an ƙara wa ƙodar nauyi ke nan.

Alamar da muka fi sakaci da ita ita ce fitsari. Idan majinyaci ya wuni bai yi ba, ko ya yi ɗan kaɗan, ko ya fito baƙi kamar shayin da ya dahu, kada a kwana a gida. Haka idan fuska da ƙafafu sun kumbura. Idanu kuwa in sun yi ɗorawa, mukan ce shawara ce mu ɗora tukunyar sassaƙe. Nan ne ake asarar kwanakin da ba sa dawowa.

A likitar unguwa ana gwajin jini na 'yan mintoci, kuma tun 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mai tsananin ciwo ana yi masa allurar artésunate. Idan ƙoda ta tsaya, akwai injin wankin ƙoda a babbar likitar Lamorde, hayin kogi. Wannan tsayawar ta farat ɗaya ba irin ta mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda ba ce: da yawa waɗanda aka kai da wuri ƙodarsu takan farfaɗo bayan 'yan makonni, su bar injin.